Kafin ɗalibin digiri na biyu ya sa kaki

Ɗan yayata ya kira ni daga Amurka wata ranar Lahadi da dare. Can aka haife shi, can ya yi digirinsa na farko, yanzu kuma ya samu gurbin digiri na biyu a fannin kwamfuta. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, na samo hanyar da zan yi karatun nan ba tare da na ƙara cin bashi ba. Zan shiga ROTC." Muryarsa cike da murna, irin ta wanda ya daɗe yana lissafin kuɗi ya ga lissafin ya fita. Na tambaye shi ko yana son zama soja. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shekara huɗu ce kawai, Kawu." Wannan amsar ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

ROTC shiri ne na horar da hafsoshin soja a cikin jami'o'in farar hula na Amurka. Dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta kafa shi, wata doka ta 1964 kuma ta kawo tallafin karatu da zangon shekara biyu, wanda ta ƙofarsa ce mai digiri na biyu yake shiga. A ɓangaren sojan ƙasa, wanda bai yi horon shekarun farko ba yakan je sansanin Fort Knox a jihar Kentucky ya yi kusan wata guda lokacin hutu. Daga nan sai ya sa hannu a yarjejeniya, ya haɗa karatunsa da atisayen asuba, da darasin aikin soja, da fita daji lokaci-lokaci. Wanda ya samu tallafin, ana biya masa kuɗin makaranta, a ba shi na littattafai, da dala 420 duk wata. Ranar da ya karɓi shaidar digiri yakan fito da muƙamin ƙaramin laftanar. Sai ɗan ƙasa ake bai wa wannan muƙami, don haka ɗalibin da ya je da bizar karatu ba ya cikin wannan lissafi.

A ƙasar da bashin karatu yake bin mutum har ya yi furfura, babu wanda zai zargi matashi don idonsa ya tsaya a kan kuɗin. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekara huɗun da ɗan yayata ya ambata ta aikin barikin dindindin ce, alƙawarin gaba ɗaya kuwa shekara takwas ne, sauran a rundunar ko-ta-kwana, inda za a iya kiransa idan buƙata ta taso. Idan ya janye bayan sa hannu, ana iya sa shi ya biya duk abin da aka kashe masa, ko a tura shi aiki a matsayin ƙaramin soja. Yaron da ya shiga tun ajin farko na jami'a yana da shekarar ɗanɗano, in bai ji daɗi ba ya fita babu abin da ya hau kansa. Mai digiri na biyu ba shi da wannan sarari, daga wata guda na sansani sai takarda da biro. Digirin nasa kuma ba ya ƙara masa girma a kafaɗa, ba ya tabbatar masa cewa za a ajiye shi gaban kwamfuta. Zai faɗi ɓangaren da yake so, rundunar ce za ta yanke gwargwadon buƙatarta da matsayin da ya fito.

Duk wannan lissafin riba da asara ne, kuma ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ake damƙa wa ƙaramin laftanar. Ana ba shi mutum 30 ko 40, da yawansu 'yan shekara 19 ko 20, 'ya'yan wasu, mazan wasu. Shi zai ce a bi wannan hanya ko waccan, shi zai ce a harba ko a dakata. Mutumin da ya karɓi wannan amana don kawai ya kuɓuta daga bashi, yana ƙirga kwanakin da suka rage masa, ya cuci yaran da ke ƙarƙashinsa tun kafin su haɗu. Kurtu yana gane hafsan da zuciyarsa ba ta wurin, kamar yadda ɗalibi yake gane malamin da albashi kaɗai ya kawo shi aji. Bambancin shi ne sakacin malami yana jawo faɗuwa jarrabawa, sakacin hafsa yana jawo gawa.

Akwai kuma abin da takardar ba ta faɗa ba, wato hafsa ba ya zaɓar yaƙinsa. Na ba ɗan yayata labarin Humayun Khan, Musulmi ɗan iyayen da suka fito daga Pakistan, wanda ya yi ROTC a Jami'ar Virginia ya gama a 2000. Lokacin da ya sa hannu Amurka ba ta cikin wani babban yaƙi, burinsa kuma ya zama lauya. Shekara guda bayan ya gama aka kai harin 11 ga Satumba, a 2003 aka mamaye Iraƙi, aka tura shi can yana kyaftin. Ranar 8 ga Yuni, 2004, a ƙofar sansaninsu da ke Baƙuba, wata mota ta tunkaro. Ya ce wa yaransa su ja da baya, shi ya nufe ta. Motar ta fashe, ya rasu yana da shekara 27, yaran da ya kora baya suka tsira. Ina girmama wannan saurayi matuƙa, domin abin da ya yi a waɗannan daƙiƙu shi ne cikar amanar hafsa. Amma yaƙin da ya ci ransa an gina shi ne a kan zargin makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba. Wanda ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu, 2003, ya gabatar da wannan zargi shi ne Colin Powell, ɗan baƙin haure daga Jamaika, wanda shi ma ta ROTC ya zama hafsa a New York a 1958. Daga baya da bakinsa ya amsa cewa jawabin nan tabo ne a tarihinsa. Ƙofa ɗaya suka bi, ɗaya ya kai ƙololuwa ya faɗi abin da ya zama ba gaskiya ba, ɗaya ya biya da ransa.

Kada kuma ɗanmu ya ɗauka cewa filin dagar zai yi nesa da gida har abada. Sojojin Amurka sun yi shekaru a Agadas kafin su fice daga Nijar a 2024, kuma a Oktoban 2017 huɗu daga cikinsu sun mutu tare da sojojin Nijar a Tongo Tongo. Laftanar da ke jin Hausa shi ne farkon wanda za a tuna da shi idan aiki irin wannan ya sake tasowa.

Da wannan duka, wani zai zaci cewa hana shi na yi. Ban hana shi ba, kuma ba na cikin masu ganin cewa mai ilimi ya fi ƙarfin kaki. A zamanin yaƙin Biyetnam ɗalibai sun yi wa shirin bore. Jami'ar Harvard ta raba gari da shi bayan zanga-zangar 1969, bai dawo ba sai 2011. A Jami'ar Kent State an ƙona ginin ROTC ranar 2 ga Mayu, 1970, bayan kwana biyu dakarun jiha suka harbe ɗalibai huɗu, ɗaya daga cikinsu, William Schroeder, ɗan shirin ne da kansa. Na fahimci fushin waɗannan ɗalibai, amma ina ganin korar shirin kuskure ce. Yaƙi bai tsaya ba don manyan jami'o'i sun rufe ƙofa, an dai rage yawan masu tambaya a cikin masu ba da umarni. A ƙauyen My Lai na Biyetnam, ranar 16 ga Maris, 1968, laftanar William Calley ya jagoranci kisan ɗaruruwan ƙauyawa, mata da yara da tsofaffi. Wanda ya sauke jirginsa mai saukar ungulu tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen da suke gudu, ya ceci waɗanda ya iya ceta, shi ma soja ne, sunansa Hugh Thompson. Runduna tana buƙatar irinsa, kuma mutumin da ya kai shekara 25 ko 27, ya yi karatu, ya koyi tuhumar hujja kafin ya karɓe ta, yana da abin da zai kawo wanda ɗan shekara 18 bai tara ba tukuna. Rantsuwar hafsan Amurka ta kare tsarin mulki ce, babu alƙawarin bin umarnin shugaban ƙasa a cikinta kamar yadda yake a rantsuwar ƙananan sojoji. Doka ta ɗora masa nauyin ƙin umarnin da ya saɓa mata a fili, kamar harbin fararen hula ko azabtar da fursuna.

Sai dai wannan ilimi da shekarun su ne suke cire masa uzuri. Yaron da ya fito daga sakandare zai iya cewa an ruɗe shi da talla. Mai rubuta kundin digiri na biyu, wanda aikinsa kullum karanta ƙananan rubutu ne da bin diddigin magana, ba zai ce bai san abin da ya sa wa hannu ba, a gaban mutane ko a gaban Allah. Kuma ƙin haramtaccen umarni a fage daban yake da ƙin zuwa yaƙin da ba ka yarda da shi ba. Na biyun kotun soja yake kai mutum. Duk wanda ya san a ransa cewa akwai yaƙin da ba zai iya zuwa ba, lokacin faɗin haka shi ne kafin sa hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na roƙi ɗan yayata guda biyu ne. Na ce ya nemi wani hafsa da ya taɓa rasa yaro a ƙarƙashinsa, ba jami'in ɗaukar ma'aikata ba, ya zauna da shi ya saurara. Sannan ya ɗauki yarjejeniyar ya fassara wa mahaifiyarsa ita da Hausa, layi bayan layi, har wurin da aka rubuta shekara takwas, kada ya tsallake ko ɗaya. Ya ce, "Kawu, za ta yi kuka." Na ce na sani, ya bari ta yi, ya kuma tsaya ya ji abin da za ta ce bayan kukan. Zuwa sansanin Fort Knox ba ya ɗaure kowa da alƙawari, don haka ya ce zai je ya gani a hutun da ke tafe. Takardar tana nan a kan teburinsa, bai sa hannu ba.