Ba soda bahon wankanka yake nema ba

A Abuja, da zarar ruwan bahon wanka ya fara nawar wucewa, ya tsaya ya kai idon sawu da kumfa a kansa, magana ɗaya ce a bakin kowa: "A zuba masa soda." Mai zafin kai kuma ya ce a nemo asid. Maƙwabci zai ba ka shawarar, mai shago zai ƙulla maka ita a leda ba tare da ya tambayi abin da za ka yi da ita ba, har ta kai wanda ya ce a tsaya a duba bututun tukuna ana yi masa kallon mai son wahalar da kansa. Ni dai na ce wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure ne da yake cin naman mutane.

Bara da hunturu na ga abin da idona a gidan yayata a Kubwa. Bahon ɗakinta ya toshe, ta sa yarinyar da ke yi mata aiki ta zuba soda da daddare, ta ƙara da safe, ruwa ko gezau. Da la'asar aka kira mai gyaran famfo, wani dattijo mutumin Zariya, ba kuwa wanda ya tuna ya gaya masa abin da aka zuba. Ya cire allon gefen bahon, ya kwanta a kan tayil, ya miƙa hannu ya kwance gwiwar bututun. Ruwan da ke ciki ya kwararo masa daga tafin hannu har gwiwa. Da farko santsi kawai ya ji kamar na sabulu, sai can ya zabura ya yi wajen famfo. Mun daɗe muna sakar masa ruwa, fatar ta yi ja ta fara saɓulewa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Hajiya, ai da kin faɗa mini. Yanzu da a ido ne fa?"

Da ɗaya hannun ya ƙarasa aikin. Abin da ya zaro daga bututun dunƙulen gashi ne kamar mataccen ɓera, haɗe da zaren soso, da guntayen gashin ƙari na kitso, da murfin man goge baki, sai yashi cikin cokali biyu ko uku. Soda ta kwana ta wuni a kansu, suna nan yadda suke.

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin baho ya san ba wani abin mamaki a wurin. Bututun yana da lanƙwasa da aka yi da gangan don ta riƙe ɗan ruwa kullum, ruwan nan shi ke tare warin masai da kyankyasai kada su biyo bututu su shigo ɗaki. A bakin ramin da kuma wannan lanƙwasa gashi yake sarƙewa, daskararren sabulu da man shafawa su manne masa, ƙurar hunturu da yashin ƙafa su zauna a kai. Mafi yawan toshewar baho ba ta wuce tsawon hannu daga inda kake tsaye kana wanka. Abin da yake kusa haka, hannu da waya suke fito da shi.

Masu kare soda za su ce ai tana narkar da gashi da maiƙo. Gaskiya ne, tana yi, idan ta same su da ƙarfinta kuma aka ba ta lokaci, shi ya sa wani sa'in takan ɗan buɗe bututun da ruwa ke bi a hankali. Daga wannan ɗan nasarar ne labarin ya bazu. Amma a bahon da ruwa ya riga ya tsaya, tana shiga ta tsinke a cikin ruwan, ko ta zauna a gindin lanƙwasa ta daskare kamar dutse. Yashi kuwa, da siminti, da roba, da gashin ƙari wanda shi ma zaren roba ne, ba ruwansu da ita. Sannan a tambayi matan da ke yin sabulun soda a gidajenmu abin da ke faruwa idan soda ta haɗu da mai. Sabulu ake samu, ya kuma sandare. Abin da suke yi a roba da gangan, shi kake yi a cikin bututunka ba ka sani ba. Santsin da dattijon nan ya ji ma ke nan, maiƙon fatarsa ne soda ta fara juyawa.

Ga kuma zafi. Soda tana shiga ruwa sai ya ɗauki zafi sosai, bututun gidajen Abuja kuwa kusan duk na roba ne, irin PVC, wanda ba a yi shi don ruwan da ya wuce digiri 60 ba. Yau ya ɗan yi laushi, gobe mahaɗa ta saki, bayan wata uku wanda ke zaune a ƙasan benenka ya ga silin ɗinsa yana ɗiga, a shiga fasa tayil ana neman inda ruwa ke yoyo. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Asid ya fi muni, domin banɗakunanmu ba sa rabuwa da ruwan bilic irin su Hypo da Jik, kuma idan bilic ya haɗu da asid iskar kulorin yake fitarwa, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a garin Ypres na ƙasar Beljiyam a 1915. A ɗan ƙaramin banɗaki mai taga kamar tafin hannu muke haɗa wannan. Ragowar sodar kuma, da aka jiƙa a gorar ruwa aka ajiye bayan ƙofa, ba ta da launi, yaro ba ya bambanta ta da ruwan sha. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna ganin yaran da maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke ta wannan hanya, wasu sai an yi ta yi musu aiki kafin su iya haɗiyar tuwo.

To me ya sa muka nace? Ba tsada ba ce, wayar rataye kaya kyauta ce. Ƙyama ce. Muna ƙyamar gashin da ya fita daga kanmu da daudar da ta fita daga jikinmu, muna son wani abu da za a zuba daga tsaye, a juya baya, komai ya ɓace. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mai ba da umarnin ba shi ke zubawa ba. 'Yar aiki ce mai shekara goma sha huɗu, ko maigadi, ko direba, ba safar hannu ba tabarau, sun sunkuya fuskarsu dab da ramin da zai iya tofo musu ruwan. Bayansu sai mai gyaran famfo, wanda zai sa hannu a duhu cikin abin da bai san da shi ba. Ƙyamarmu ce muke ɗora wa jikin talaka. Iyayenmu da suka yi wanka a makewayi mai rariya ba su taɓa jin sun fi ƙarfin su tsuguna su zare tsumma da kara daga bakinta ba, kuma ba su fi mu ƙazanta ba.

Abin da aka zuba kuma ba ya tsayawa a gidanka. Abuja na cikin 'yan tsirarun biranen Najeriya da aka tsara su da babbar magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa tun a taswirar birnin ta 1979. Ruwan wankan Maitama da Asokoro da Wuse da Garki yana gangarawa ne zuwa matatar Wupa da ke wajen Idu, wadda aka buɗe a 2007 don ɗaukar ƙazantar mutum kimanin 700,000, a ƙarƙashin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja. Wannan matata da ƙananan halittu take aiki, su ne ke cinye ƙazantar kafin a saki ruwan cikin rafin Wupa, rafin da mutanen ƙasa da shi ke noman rani da wanki a ciki. Gwangwanin gida ɗaya ba zai kashe matata ba, na yarda, ruwan birni yana da yawa. Amma yawancin mazauna Abuja ba sa kan wannan magudana. A Kubwa da Nyanya da Karu da Lugbe da Dutsen Alhaji, ramin sokawe ne a bayan kowane gida, kuma a gidaje da yawa duk ruwan banɗaki can yake tafiya. Shi ma da irin waɗannan halittu yake narkar da abin da ke cikinsa. Ka yi ta ɗura masa guba, ya daina narkarwa, ya cika da wuri, ya fara wari, ka kira motar kwasa ka biya, ga rijiyar burtsatsenka 'yan taku kaɗan daga wurin. Wanda kuma ya saki bututun wankansa cikin kwatar titi, to yaran unguwa ne ke tsallake ta ba takalmi.

Ko a Landan, da duk kuɗinsu da magungunansu, lokacin da aka gano wani ƙaton dunƙulen maiƙo da tsummokin goge jiki a magudanar unguwar Whitechapel a 2017, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250, ba wani ruwan magani aka zuba ba. Ma'aikata ne suka shiga da shebur da injin feshin ruwa suka yi makonni suna fasa shi.

Akwai wata gaskiyar da soda ke rufewa. Bahon da ke toshewa duk wata biyu, sau da yawa tun ranar gini aka cuce shi. Bututun fitar ruwa yana bukatar gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, amma a gidajen da ake ginawa cikin gaggawa don haya sai a shimfiɗa shi a miƙe, wani ma ya ɗan ɗaga sama. Masu sa tayil su wanke bokitin siminti su juye a ramin banɗaki, ya bushe a ciki ya cinye rabin hanyar. A rufe bahon da bulo ta ko'ina ba a bar ƙofar da hannu zai shiga ba. Ɗan haya ya biya miliyoyi a shekara, ya gaya wa mai kula da gida, a ce masa ya zuba soda. Babu sodar da za ta gyara gangara. Wannan aikin mai gida ne, kuma kowane gwangwani da ɗan haya ya saya ɗage wa mai gidan nauyin da ke kansa yake yi.

Abin yi ba shi da yawa. Ka sa safar hannu, ka kwance murfin ramin, ka miƙe wayar rataye kaya ka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ka zura ka juya ka jawo. Za ka ga abin da ba ka so, ka sa shi a leda. Idan bai wuce ba, ka toshe ƙaramin ramin da ke sama a jikin bahon da jiƙaƙƙen tsumma, domin ta nan iska ke gudu, ka bar ɗan ruwa a ciki, ka yi ta dannawa da robar nan mai ƙota. Ka bi da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke. Idan duk bai yi ba, ko ka ga wurin wanke hannu da ramin ƙasa su ma suna dawo da ruwa, matsalar ta yi nisa, sai mai gyara da doguwar wayarsa. Ka kuma sayi ƙaramar ragar da ake ɗorawa a bakin ramin, a riƙa kwashe gashin bayan kowane wanka, musamman ranar tsifa da makon gyaran amarya, lokacin da dilka da lalle ke bin ruwa. In kuwa ka riga ka zuba, kada ka ƙara wani abu a kai, kada ka danna da roba, kuma ka faɗa wa mai gyara tun daga bakin ƙofa. Wanda ta taɓa, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai gudu na aƙalla minti 20, ba man ja ba man goge baki, in ido ne a wuce asibiti bayan wankewar.

Dattijon nan ya yi kwana goma sha biyu bai riƙe sifana ba, aikin hannu kuwa in ba ka fita ba babu cefane. Yayata ta biya kuɗin magani, ta je har gidansa a Dei-Dei ta ba shi haƙuri. Da ya warke ya dawo ya yanka ƙaramar ƙofa a gefen ɗaya bahon na ɗakin yara. Tabon na nan a hannunsa, fari, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa, kuma yanzu ba ya ajiye jakar kayan aikinsa a kowane gida sai ya tambaya, "Hajiya, an zuba wani abu?"