Malamin Lissafin Da Hukuma Ta Ƙi Saurara

Leonid Kantorovich, mutumin Rasha, ya zama shaihun malami a Jami'ar Leningrad yana ɗan shekara 22. A 1938 wata ma'aikatar katako ta tambaye shi yadda za ta raba aiki ga injunanta don amfani ya yawaita. Ya warware, har ya ga hanyar tana iya tsara arzikin ƙasa duka. To, amma lissafinsa yana ba kowane kaya daraja gwargwadon ƙarancinsa, manyan Kwaminis kuwa suka ji warin kasuwa a ciki. Littafin da ya rubuta a 1942 bai fito ba sai 1959, watau shekara 17 ana ɓarna alhali mai magani yana gida. A 1965 hukumar ta ba shi lambar Lenin, ta Nobel ta biyo a 1975.