Gidan Haya ko Gidan Kai? Shawara ga Ɗalibi Mai Rubutu a Intanet

Duk ɗalibin da ya fara koyon sarrafa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ba a daɗewa zai so ya baje kolin abin da ya koya a intanet. A nan ne hanya ke rabuwa biyu. Ko dai ya yi rajista a dandalin da wani kamfani ya riga ya gina, kamar Blogger ko WordPress.com, ya kama rubutu nan take, ko kuwa ya gina shafinsa da hannunsa tun daga tushe. Na farko gidan haya ne, na biyu gidan kai.

A ganina, ya kamata ɗalibi ya fara da haya, amma kada ya saki jiki.

Dalili kuwa shi ne, gini yana cin lokaci. Mai gina shafi sai ya koyi HTML, harshen da ake tsara shafi da shi, da CSS na ƙawata shi. Sai ya nemi na'urar da za ta ajiye shafin dare da rana, ya kuma tsare shi daga masu kutse. Taura biyu ba ta taunuwa: zangon karatu kan ƙare ana gyaran launi, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Alhali mai karatu ilimi ya zo nema.

To, amma zanen aro ba ya rufe katara. Alal misali, an kafa dandalin GeoCities a Amurka a 1994, jama'a suka gina miliyoyin shafuka a cikinsa kyauta. Kamfanin Yahoo ya saye shi a 1999, ya rufe shi a 2009. Haka ma Posterous: Twitter ya saye shi a 2012, aka rufe shi a 2013. Ranar da mai gida ya ce a tashi, ɗan haya ba shi da ta cewa.

Saboda haka, ɗalibi ya kiyaye abu biyu. Na farko, ya ajiye kwafin duk abin da ya rubuta a na'urarsa. Na biyu, in da hali, ya yi rajistar adireshi da sunansa, wanda ake sabuntawa duk shekara, domin ko ya yi ƙaura masu karatu su same shi.

Malamai kuwa, kada su bar ɗalibai su zauna haya har abada. A sa kowa ya gina ƙaramin shafi a aji. Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya buɗe wa jama'a a 1991 daga cibiyar bincike ta CERN, rubutu ne zalla da mahaɗai zuwa wasu shafuka. Irin wannan bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Wanda ya san yadda ake aza tubali, ko an tashe shi daga haya ba zai kwana a waje ba.