Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Kula da Manhajar CUPS

Wannan wasiƙa tana jan hankalin masu kula da CUPS, manhajar da ke tafiyar da firinta a kwamfutocin Linux da macOS, zuwa ga shafin sarrafa ta. A 2015 an gano cewa shafin yana mayar da rubutun da aka shigar masa ba tare da tacewa ba, har ɗan kutse yana iya cusa umarnin JavaScript cikin adireshi, burauzar ma'aikacin da ya latsa ta aiwatar da shi da izininsa. Wannan ake kira XSS. An toshe kafar a fitowa ta 2.0.3, sai dai ba a tunawa da firinta sai ta ƙi aiki. Don haka wajibi ne masu kula da CUPS su sabunta manhajar, su hana shiga shafin daga waje.