Salesforce Ya Yi Taka-tsantsan, Kasuwa Ta Firgita

Ranar 30 ga Mayu, 2024, farashin hannun jarin Salesforce, babban kamfanin manhaja da ke Amurka, ya zube da kusan kashi 20 cikin ɗari. Rabonsa da irin wannan faɗuwa tun 2004. Kuma ba asara ya yi ba: kuɗin shigarsa na wata uku sun kai dala biliyan 9.13, ƙarin kashi 11 a kan na daidai wannan lokacin a shekarar da ta gabata. Abin da ya tayar da hankali shi ne hasashensa cewa a wata ukun gaba ƙarin zai tsaya tsakanin kashi 7 da 8.

Ni dai ina ganin masu zuba jari sun yi gaggawa. Kamfanin ya ce kwastomomi suna jan ƙafa kafin su sa hannu a kwantiragi, sai kasuwa ta ji kamar an ce sun gudu. Jinkirin ciniki daban, mutuwar ciniki daban. Ga shi kuma shugabannin kamfanoni sukan sassauta hasashe don kada su yi alkawarin da zai ba su kunya.

Wanda ya sayar da hannun jarinsa cikin firgici ranar nan, bai ci moriyar watan Disamba na shekarar ba, lokacin da farashin ya hau matakin da bai taɓa kaiwa ba.