Zaɓen Ma'aunai a Lissafin Dangantaka: Aikin Mai Bincike ne, Ba na Kwamfuta Ba

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya zo rubuta kundin bincike a kan dalilan da ke hana yaran firamare iya karanta Hausa zai tarar cewa dalilin ba guda ba ne. Akwai shekarun yaro, da yawan zuwansa makaranta, da harshen da ake yi a gidansu, da ƙwarewar malaminsa, da samuwar littattafai. Hanyar da masana ƙididdiga suka tanada domin auna tasirin abubuwa da yawa a kan abu guda ita ce rigireshan, wato lissafin dangantaka. Abin da ake son bayyanawa, kamar makin jarrabawa, shi ne sakamako, abubuwan da ake zaton suna bayyana shi kuwa su ne ma'aunai. To, wane ma'auni za a shigar cikin lissafin, wanne kuma za a bari? Matsayin wannan maƙala shi ne, mai bincike ya kamata ya yanke wannan hukunci da iliminsa tun kafin ya taɓa kwamfuta.

2.0 Illar Tara Ma'aunai

Kuskuren farko shi ne zaton cewa yawan ma'aunai shi ne ingancin bincike. Lissafin yana fitar da wani adadi mai suna R², wanda ke nuna kason bambancin sakamako da ma'aunai suka bayyana. Wannan adadi ba ya raguwa idan aka ƙara ma'auni, ko da ma'aunin shirme ne. Mai yara 30 da ya shigar da ma'aunai 29 zai iya samun bayani ɗari bisa ɗari, amma ranar da aka gwada lissafin nasa a wani aji sai ya rushe, domin haddace yaran nan 30 ya yi. Har ila yau, a bisa ƙa'idar kashi 5 cikin ɗari da aka saba aiki da ita, idan aka gwada ma'aunai 20 da ba su da wata alaƙa da sakamako, ana sa ran ɗaya zai fito da kamannin tasiri ta hanyar dace kawai. Zafin nema dai ba ya kawo samu.

3.0 Miƙa Zaɓe ga Na'ura

Kuskure na biyu shi ne barin kwamfuta ta yi zaɓen. A shekarar 1960 Efroymson ya bayyana hanyar zaɓe daki-daki, inda na'ura ke shigar da ma'aunai tana fitarwa har ta tsaya a kan waɗanda suka tsallake gwaji. Hanyar tana cikin manhajar SPSS, kuma masu nazarin walwalar harshe sun daɗe suna aiki da irinta a manhajar GoldVarb. Sauƙinta ne ya jawo mata farin jini.

A shekarar 1983 David Freedman na Jami'ar Kalifoniya ya nuna haɗarin tace ma'aunai. Ya ƙirƙiri bayanai guda 100 da ma'aunai 50, dukkansu lambobi ne na kan mai uwa da wabi. Ya tsame ma'aunai 15 da suka fi kama da masu tasiri, ya sake lissafi da su kaɗai. A karo na biyun, 6 daga cikinsu suka tsallake gwajin kashi 5 cikin ɗari, alhali babu wata dangantaka ta gaskiya a cikin lambobin. Wanda aka nuna wa lissafi na biyu, aka ɓoye masa tacewar farko, zai rantse an gano wani abu.

4.0 Abin da Lissafi Ba Ya Gani

Lissafi bai san wane abu ne ya haifar da wani ba. Misalai uku za su wadatar.

Na farko, idan aka auna yaran makaranta gaba ɗaya, za a ga masu manyan takalma sun fi iya karatu. Shekaru ne suka girmar da ƙafa, su ne kuma suka kai yaro babban aji. Barin shekaru a waje zai sa takalmi ya karɓi yabon da ba nasa ba, saboda haka shigar da irin wannan ma'auni wajibi ne.

Na biyu, mai son sanin tasirin nisan gida daga makaranta bai kamata ya haɗa da yawan fashi ba. Nisa ne ke kawo fashi, fashi kuma ya rage maki. Idan aka shigar da su tare, fashi zai haɗiye tasirin nisa, sai a ce nisa ba matsala ba ne, alhali yaran na can suna shan tafiya.

Na uku, wasu ma'aunai a manne suke da juna. A shekarar 1966 James Coleman da abokan aikinsa suka fitar da rahoto a kan ɗalibai fiye da 600,000 a Amurka, inda suka nuna cewa yanayin gida ya fi kayan aikin makaranta tasiri. A 1968 Samuel Bowles da Henry Levin suka soki rahoton da cewa 'ya'yan masu hali su ne suka fi zuwa makarantu masu kayan aiki, kuma tun da an fara shigar da ma'aunan gida, su suka kwashe kason da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai. Idan zaɓe da jeri sun iya jawo taƙaddama a bincike mai wannan girma, ina ga kundin ɗalibi?

5.0 Hujjar Masu Saɓani

Wasu za su ce akwai ingantattun hanyoyin zaɓe, kamar ma'aunin Akaike na 1973 da hanyar lasso ta Robert Tibshirani ta 1996. Gaskiya ne, kuma suna da amfani idan manufa ita ce hasashe, misali gano yaron da ake fargabar zai faɗi jarrabawa. Sai dai yawancin binciken ilimi neman dalili yake yi, kuma waɗannan hanyoyi ba za su bambanta takalmi da shekaru ba.

6.0 Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya rubuta tambayarsa guda ɗaya, ya jera ma'aunansa tare da hujjar kowanne daga ayyukan magabata da abin da ya gani a aikin koyarwa na gwaji, sannan ya nuna wa mai duba aikinsa kafin tattara bayanai. Ya taƙaita ma'aunai daidai da yawan yaran da zai auna, ya kuma bayyana duk waɗanda ya gwada ya ajiye. Kundin da ya ɗora laifi a kan malami ko iyaye bisa kuskuren zaɓe ya zalunci mutanen da ba su san ana yi ba, kuma sunan ɗalibin ne a bangonsa.