Gahawa a Gida: Wace Ƙwaya Za a Saya, Da Me Za a Dafa?

 A wannan wata za mu duba wani abin sha da kusan kowane gida ya sani, amma kaɗan ne suka san yadda ake zaɓensa. Mu a nan Kamaru mukan ce kafe, 'yan'uwanmu na Nijeriya kan ce kofi, dattawanmu kuwa gahawa suke cewa, kalmar da muka aro daga Larabawa. Da gahawar za mu yi amfani a nan, don kada mu rikita ta da kofin da ake zuba ta a ciki.

Abin mamaki shi ne, ƙasarmu tana cikin ƙasashen da ke noman gahawa, amma in ka zaga teburan masu shayi tun daga unguwar Briketeri a Yawunde, da New Bell a Duwala, har zuwa Ngaundere da Garwa da Marwa, galibi abin da za a kaɗa maka garin gwangwani ne ko na 'yar leda, irin wanda ke narkewa nan take. Wannan gari, wanda kamfanin Nestlé ya fito da shi da sunan Nescafé a ƙasar Suwizalan a 1938, yana da ranarsa ga matafiyi da mai sauri. Sai dai gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar, mafi yawan ƙamshinta ya tafi tun can. Wanda bai taɓa shan wadda aka niƙa aka dafa a gabansa ba, bai san abin da ya wuce shi ba.

Maganar kuma ta wuce daɗin baki. A shekarun 1980 Kamaru takan noma gahawa fiye da tan dubu 100 a shekara. Da yarjejeniyar kasuwar gahawa ta duniya ta rushe a 1989, farashi ya faɗi warwas, manoma da yawa suka sare itatuwansu suka koma tumatir da masara da dankali. A 'yan shekarun nan abin da ake samu ba ya kai tan dubu 40. Duk kilon da muka saya na gida taimako ne ga manomin da ya daure bai sare gonarsa ba. Naka sai naka.

Da farko, ƙwaya

Iri biyu ne a kasuwa: arabika da robusta. Arabika asalinta ƙasar Habasha, ba ta son zafi, sai tudu mai sanyi, shi ya sa a nan ake noma ta a tsaunukan Yamma da Arewa maso Yamma, wajen Dschang da Bafusam da Fumban da Bamenda da Kumbo. Tana da ƙamshi, ɗacinta kaɗan ne, da ɗan tsami-tsami mai daɗi. Robusta kuwa ta ƙasa mai zafi da laima ce, kamar yankin Mungo wajen Nkongsamba da Melong, da kuma jihar Gabas. Ta fi ɗaci, ta fi araha, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta, wato abin da ke kore barci, ya kusa ninka na arabika. Mafi yawan abin da ƙasarmu ke nomawa robusta ce.

Ido ma yana bambanta su. Ƙwayar arabika doguwa ce, mai ɗan faɗi, tsagar da ke tsakiyarta a karkace take. Ta robusta ƙarama ce, kusan kewayayya, tsagarta a miƙe.

To, wacce za ka saya? Ya danganta da yadda kake sha. In kai mai zuba madarar gwangwani ne da sukari, robusta ba za ta ba ka kunya ba, domin ƙarfinta yana ratsa madara. In kuwa baƙa kake so, da sukari kaɗan ko ba sukari, nemi arabika. Wasu gidaje kan haɗa kashi uku na arabika da kashi ɗaya na robusta, su sami ƙamshi da ƙarfi tare. Mai neman ta cikin leda mai suna zai iya samun ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoman Yamma, UCCAO, wadda aka kafa a 1958, hedkwatarta kuma a Bafusam. Akwai kuma ƙananan masu soyawa da dama a manyan garuruwa.

Shawara mafi muhimmanci ita ce, sayi ƙwaya, kada ka sayi gari in da hali. Dalili na farko, da zarar an niƙa gahawa ƙamshinta ya kama hanyar fita, cikin 'yan kwanaki sai ta zama lami. Dalili na biyu, gari yana ɓoye algus. A watan Fabrairun 2025 farashin arabika a kasuwar New York ya haura dalar Amurka 4 kowace laba, abin da ba a taɓa gani ba, kuma duk lokacin da kaya ya yi tsada, marasa tsoron Allah kan haɗa shi da soyayyar masara ko wani abu mai kama. In ka sayi gari kana shakka, zuba rabin cokali a kan ruwan sanyi cikin kofin gilashi, kada ka motsa. Gahawa ta gaskiya takan ɗan jima tana yawo a sama, ba ta saurin rina ruwa. In ka ga wani abu ya nutse nan da nan yana jan baƙin zare, to a yi hattara da mai wannan kaya.

In ledar a rufe take, duba ranar da aka soya, ba ranar lalacewa kaɗai ba. Wadda aka soya cikin wata ɗaya ko biyu ta fi. In ɗanya ce a buhu, ɗebo a tafin hannu ka shinshina. Kada ka karɓi mai warin hunhuna, ko mai baƙaƙen ƙwayoyi da yawa, ko wadda ƙwari suka huda. Mutanen Duwala su fi kowa kula da wannan saboda laima. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Suya

Uwargidan da ta iya suyar gyaɗa ba za ta sha wahalar suyar gahawa ba. A sami kasko mai kauri, ba mai ba ruwa, a ɗora kan garwashi madaidaici, a zuba ƙwaya yadda ba za ta hau kan juna ba, a yi ta juyawa ba tsayawa. Za ta tashi daga kore zuwa rawaya, sannan ta yi ja. Wajen minti 10, ko ƙasa ko sama gwargwadon wutar, za ki ji tana fashewa kamar gugguru. Daga nan ta fara nuna. In kin bar ta minti biyu ko uku bayan wannan, har ta yi kalar dabino busasshe, kin sami suya madaidaiciya. In kuwa ta yi baƙi ƙirin tana naso, ta wuce, gawayi za a sha. A juye a faifai a yi ta fifita don ta huce da sauri, ƙaiƙayin kuma ya tashi. A yi suyar a tsakar gida, domin hayaƙinta da yawa.

Kilo ɗaya ɗanya ba ya komawa kilo bayan suya, yakan ragu zuwa giram 800 ko 850. A bar ta ta kwana ɗaya ko biyu kafin a fara sha, ta fi daɗi. A soya abin da za a shanye cikin mako biyu kawai. Ajiya kuwa sai kwalba ko gwangwani mai murfi da ke rufuwa gam, nesa da rana da murhu. Gahawa tana zuƙar warin duk abin da ke kusa da ita, don haka kada a haɗa ta wuri ɗaya da daddawa ko busasshen kifi, ko a cikin firji ma.

Niƙa

In kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne, sayi abin niƙa kafin ka sayi abin dafawa. Ƙaramin injin hannu mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwaya ya fi na lantarki mai wuƙa, domin mai haƙora yana fitar da gari bai ɗaya, kuma ana iya saita laushinsa. Mai wuƙa kuwa sara yake yi, wani ya zama ƙura wani ya zama tsaki. Ƙurar ta ba da ɗaci, tsakin ya ba da tsami, a rasa na kamawa. Na hannu kuma bai damu da an ɗauke wuta ba.

Wanda bai da inji, turmi ya wadatar, haka ake yi a Habasha da Sudan. Sharaɗi ɗaya ne: a ware wa gahawa ƙaramin turminta. Turmin da ya daka yaji ba ya mantuwa. Kada kuma a kai injin unguwa inda ake markaɗen tattasai. A daka abin da za a dafa a lokacin kaɗai.

Abin dafawa

Hanya ta farko ita ce ta tukunya, wadda 'yan'uwanmu na Sudan da Cadi suka gwanance a kai. A Sudan sunan 'yar tukunyar yumɓun mai dogon wuya jabana. Ana daka gahawa ta yi laushi, a tafasa ta da citta, a tace da zaren kaba da ake cusawa a bakin tukunyar, a zuba a finjali. Ƙaramar butar shayi ma za ta yi wannan aiki. Da ta taso a sauke, a bar garin ya kwanta minti biyu. Kada a bar ta tana ta tafasa kamar ganyen shayin ataya.

Ta biyu, tacewa. Wata matar aure Bajamushiya, Melitta Bentz, ita ta ƙirƙiro tacewa da takarda a 1908. Ana ɗora mazurari kan kofi ko filas, a sa takardar, a zuba gari mai laushin yashi, a jiƙa shi da ruwa kaɗan na rabin minti, sannan a ci gaba da zubawa sannu a hankali. Gahawar takan fito garau. In takarda ta yi tsada ko ta yi wuyar samu, matacin ƙyalle na auduga ya isa, amma a wanke shi da ruwan zafi bayan kowane amfani, ba da sabulu mai ƙamshi ba.

Ta uku, butar Italiya, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933. Hawa biyu ce, ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tururi ya turo gahawa zuwa sama. Tana zama kan risho ko gas ko garwashi, kuma tana shekaru ba ta lalace ba, roba ɗaya ce kawai ake sauyawa. Kada ruwa ya wuce 'yar ƙusar da ke gefenta, domin ta nan tururi ke fita in ya yi yawa. Kada a danna garin. A sa wuta kaɗan, da an ji ta fara gurnani a sauke. Gahawarta kakkaura ce, ta dace da masu madara.

Ta huɗu, tulun gilashi mai matsewa. A zuba gari mai ɗan tsaki-tsaki, a zuba ruwan zafi, a jira minti 4, a danna matacin ƙarfen zuwa ƙasa. Ya fi kowanne sauƙi, amma gilashi ne, gida mai yara sai a nemi na ƙarfe.

Su kuwa injinan lantarki masu cin 'yan ƙananan gwangwanaye, ba na ba magidanci shawarar sayensu. Injin da tsada, gwangwanayen da tsada, daga waje ake kawo su, kuma ran da babu wuta babu gahawa. A ganina, gidan da ke da injin niƙa na hannu da butar Italiya ko mataci ya gama sayayya.

Ruwa da awo

Kusan duk abin da ke cikin kofin ruwa ne, don haka ruwan da ba ka jin daɗin shansa haka nan ba zai ba ka gahawa mai daɗi ba. In na famfo yana warin magani, a tara shi ya kwana a buɗe. Wajen tacewa da tulun matsewa, a bar ruwa ya tafasa, a sauke, a jira kamar rabin minti. Zafin da ake so shi ne digiri 90 zuwa 96.

Awon da masana suka fi yarda da shi giram 60 ne ga lita ɗaya, wato kamar babban cokali biyu shafaffu ga kofi madaidaici. Da wannan lissafi, soyayyar gahawa kilo ɗaya za ta ba ka kofi kusan 100. Sai maigida ya kwatanta da abin da yake kashewa a 'yan ledoji. In ta yi ɗaci da yawa, garin ya cika laushi ko ya daɗe a ruwa. In ta yi salam da tsami, a ƙara laushin.

Kayan ƙamshi kuwa muna da su a gida. Citta da kanumfari da kirfa duk suna tafiya da gahawa. Shahararriyar gahawar Tuba ta ƙasar Sanagal ma sirrinta kimba ce, wannan dai kimbar da muke sawa a yaji da kunu, ana soya ta tare da ƙwayar a niƙa su tare. A sa kaɗan, don kada baƙo ya kori mai gida.

A kula da lafiya

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa kafeyin miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, wato kamar kofi huɗu. Mai juna biyu kada ta wuce rabin haka. A tuna cewa goro da shayi ma suna ɗauke da wannan sinadari, sai a haɗa da su a lissafi. Mai hawan jini, da mai bugun zuciya, da mai gyambon ciki su nemi shawarar likita. Mai ƙarancin jini kada ya sha tare da abinci, ya bari sai bayan awa ɗaya, domin gahawa tana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe. Mai fama da rashin barci kuwa ya tsaya daga azahar.

Duk wanda ya gwada ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ko yake da wata dabara ta gidansu, musamman iyayenmu mata da suka zauna a Sudan ko Cadi, ya rubuto mana domin sauran masu karatu su amfana. Mu kwana nan, sai wata mai zuwa in rai ya kai.